Asisat Oshoala: gwanintarta ce, ko Barcelona ce ta ɗaga ta?

Malamar Wasanni, Kaduna:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyar ƙwallon mata. Tambayata a kan Asisat Oshoala ce, 'yar wasan gaba ta Najeriya, kuma na fi son jin ta bakin waɗanda suka zauna suka kalli wasanninta da idonsu.

Ni malamar motsa jiki ce a wata makarantar 'yan mata, ni ce kuma ke horar da 'yar ƙungiyar makarantar. Duk yarinyar da na ba lamba tara, Oshoala take so a riƙa kiranta. Shi ya sa nake son in fahimci wasan matar nan sosai, don in san abin da zan ce musu su ɗauka daga gare ta.

Ga abin da ya ɗaure mini kai. A 2014, a gasar kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 da aka yi a Kanada, ta ci ƙwallo 7, huɗu daga ciki a wasa ɗaya da Koriya ta Arewa a zagayen kusa da na ƙarshe. Ta dawo gida da takalmin zinare da ƙwallon zinare, duk da Jamus ta doke mu 1-0 a ƙarin lokaci a wasan ƙarshe. A farkon 2015 Liverpool ta ɗauke ta daga Rivers Angels ta Fatakwal, kuma a shekarar BBC ta ba ta kyautar gwarzuwar 'yar ƙwallon duniya, ita ce ma ta fara karɓar wannan kyauta. Kowa ya sa rai za ta addabi masu tsaron raga a Ingila. Sai ga shi kaka ɗaya a Liverpool, ɗaya a Arsenal, ƙwallayen ba su taka kara sun karya ba. Can sai muka ji ta tafi ƙasar Sin. Amma tana zuwa Barcelona a 2019 sai raga ta buɗe mata, kafin ta bar ƙungiyar ta zura sama da 100.

Yayana ya tsaya kai da fata cewa ba wani sirri a ciki. Wai duk wadda aka ajiye a gaban 'yan tsakiyar Barcelona, Alexia Putellas da Aitana Bonmatí da Patri Guijarro, ga Caroline Graham Hansen tana kwararo ƙwallo daga gefe, dole ta ci. Hujjarsa ita ce tun da ta koma Bay FC ta Amurka a 2024 zafinta ya ragu. Zuciyata ba ta yarda da shi ba, amma ban iya kayar da shi a magana ba. To me ya hana ta haskawa a Ingila? Kuma zuwanta Sin ci baya ne ko kuwa?

Tsohon Lamba Tara, Jos:

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya saka miki da alheri kan wannan ɗawainiya da kike yi da yaran. Na buga lamba tara a ƙungiyar unguwa tun ina saurayi har rauni ya zaunar da ni, yanzu gidan kallo nake riƙe da shi, kuma in ana wasan mata ina kunnawa ko da mutanen da ke ciki ba su cika benci ɗaya ba.

Yayanki ya kama wani ɓangare na gaskiya, domin ɗan gaba ba ya ba kansa ƙwallo. Amma ki ce masa ya je ya nemo ƙwallon da ta ci Koriya ta Kudu a Grenoble a gasar kofin duniya ta 2019. Babu Alexia a filin nan, babu Aitana. Chidinma Okeke ce ta tura ƙwallo gaba, Asisat ta sheƙa, ta bar 'yar baya a bayanta, mai tsaron raga ta fito, ta kewaye ta, har ƙwallon ya kusa fita, sannan ta murza shi cikin raga daga lungun da mutum zai rantse ba hanya. Da wannan muka tashi 2-0. Sai ya ƙara da na Brisbane a 2023, da muka doke Ostireliya mai masaukin baƙi 3-2. Daga benci ta taso. 'Yar bayansu ta sa kai za ta mayar wa golarsu, suka ruɗe a tsakaninsu, kafin su farga ita ta riga ta iso wurin. Mutane a gidan kallona suka ce sa'a ce. Na ce musu wadda ta tsaya tana kallo ba ta samun irin wannan sa'ar. Ta fara gudu ne tun ƙwallon yana sama, saboda ta hango za a iya yin kuskure. Idan aka haɗa da wanda ta ci Suwidin a 2015 a wasan da aka tashi 3-3, ita ce 'yar Afirka ta farko da ta ci ƙwallo a gasar kofin duniya uku.

Abin da nake so ki lura da shi, kuma shi ne abin koya wa yaranki, shi ne lokacin da take fara gudu. Tana tsayawa kafaɗa da kafaɗa da 'yar baya ta ƙarshe, jikinta a karkace, ido ɗaya kan mai riƙe da ƙwallo. Da zarar waccan ta ɗaga kai, ita ta tashi. In ta yi saurin tashi satar gida ce, in ta makara an tare ta. Tsakanin waɗannan biyun bai fi ƙiftawar ido ba, kuma a nan abincin ɗan gaba yake.

Wannan ne ma ya sa ban yarda Barcelona ce kaɗai ta ba ta ba. Ita ma ta ba su. Ƙungiya ce mai riƙe ƙwallo da gajerun bugu, kuma Jenni Hermoso da ke buga musu gaba mai son saukowa tsakiya ce ta karɓi ƙwallo a ƙafa. Abin da suka rasa shi ne wadda za ta kutsa bayan 'yan baya da ƙarfi da gudu. Idan Asisat na fili, 'yan bayan abokan hamayya dole su ja baya don tsoronta, kuma duk takun da suka ja baya fili ne ya buɗe wa su Alexia a tsakiya. Ba a rubuta wannan a allon sakamako, amma wanda ya taɓa buga gaba yana ganinsa.

Batun Ingila kuwa, a yi mata adalci. Shekararta 20 lokacin da ta bar Fatakwal ta sauka Liverpool, ba ta taɓa zama a waje ba. Gasar Ingila ta mata a 2015 ƙungiyoyi takwas ne kacal, wasa 14 a kaka. Ta ji rauni a gwiwa ta yi jinya, ga gasar kofin duniya a tsakiyar kakar. A gasa mai wasa 14, in kika rasa wata biyu kakar ta wuce ki. Ita kanta Liverpool ɗin da ta ɗauki kofi a 2013 da 2014, a ta bakwai ta ƙare a shekarar. A Arsenal ta samu kofin FA a 2016, lokacin da Danielle Carter ta ci Chelsea ƙwallo ɗaya tilo a Wembley, amma 'yan gaba sun yi wa ƙungiyar yawa, kowa na jiran layi. A ƙarshen wannan shekarar kuma ta je Kamaru ta ci ƙwallo 6 a gasar Afirka, ta fi kowa. Ashe ƙafar lafiyarta ƙalau.

Ni a ganina Sin ce ta gina ta. Lokacin da ta sa hannu a Dalian Quanjian a 2017, mutane da yawa sun ce ta bi kuɗi ta binne kanta. Kuɗin kam gaskiya ne, kuma ban ga laifin hakan ba, tun da a lokacin gasar Ingila ta mata ma ba ta zama cikakkiyar sana'a ga kowace ƙungiya ba sai a 2018. Amma abin da ta samu a can ya wuce albashi. Ta samu ƙungiyar da duk ƙwallon da aka ɗauko ita ake nema da shi, mako bayan mako, a hannun Farid Benstiti wanda ya taɓa horar da Lyon da PSG. Ɗan gaba kamar wuƙa yake, in an bar shi a kube tsatsa yake yi. Ta fi kowa cin ƙwallo a gasar a 2017, ta ɗauki kofin gasar a 2017 da 2018. Wadda ta isa Barcelona a matsayin aro a Janairun 2019 mace ce da ta saba a dogara da ita. Ki duba waɗanda suka bi wannan hanya bayanta: Tabitha Chawinga da ƙanwarta Temwa 'yan Malawi, da Barbra Banda ta Zambiya. Duk ta Sin suka ratsa, kuma ga inda suka kai yau.

Magoyin Barça, Damagaram:

Baba Lamba Tara, ina girmama ka, kuma maganar gudun nan da ka yi haka take. Amma ni da nake bin wasannin Barcelona ta mata ba zan ɓoye abin da na gani ba. Asisat tana ɓarar da dama. Sau da yawa za ta yi duk mai wuyar, ta tsere wa kowa, ta rage daga ita sai gola, sai ta buga wa golar a jiki. Masu horarwar ma sun san haka. Wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai a 2019 daga benci ta shigo. Na 2021 da muka lallasa Chelsea 4-0, daga benci. Na 2022 da Lyon ta doke mu 3-1 a Turin, daga benci. Koci biyu daban, Lluís Cortés da Jonatan Giráldez, duk ranar da wasa ya kai wasa sai su fara da wata. Wannan ba ya gaya mana wani abu?

Ka kuma tuna wasan ƙarshe na gasar Afirka a Gana a 2018, da Afirka ta Kudu. Fenareti ta samu ta ɓarar, sai da aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida muka sha da ƙyar. Na ce "muka" domin mu a nan in Najeriya na wasa tamu ce.

Kyautar wadda ta fi cin ƙwallo a Sifaniya a kakar 2021/22 gaskiya ta samu, ƙwallo 20, tare da Geyse 'yar Brazil. Amma a kakar nan Barcelona ta ci duk wasanninta 30 na gasar, ba canjaras ko ɗaya. Geyse kuwa a Madrid CFF ta ci nata 20 ɗin, ƙungiyar da ba ta kusa da Barcelona a ƙarfi. Bayan Asisat ta tafi, an ɗauki kofin zakarun Turai a Bilbao a 2024, aka kawo Ewa Pajor, ƙwallaye suka ci gaba da shiga.

In ana maganar iya gamawa a gaban raga, ni Perpetua Nkwocha nake sa wa a gaba. Ƙwallo huɗu ta ci Kamaru a wasan ƙarshe na 2004, ta ci 11 a gasar 2010 ita kaɗai.

Tsohon Lamba Tara, Jos:

Ɗana, ba zan yi musu da kai kan ɓarar da dama ba, na gani kamar yadda ka gani. Ba ita ce mafi sanyin zuciya a gaban raga da na taɓa kallo ba, kuma Perpetua a gasar Afirka ba a yi kamarta ba. Sai dai ka tambayi kanka, damar nan da take ɓararwa, wa ya samar da ita? Wata 'yar gaban za ta gama minti 90 ba ta ɓarar da ko ɗaya ba, saboda ba ta taɓa isa wurin ba. Ni in ina koci, ba ni wadda za ta samu biyar ta ci biyu.

Wasan 2019 da ka ambata ma shaidata ne. A Budapest, cikin rabin sa'a Lyon ta zura huɗu, uku daga Ada Hegerberg. Barcelona ta mutu a tsaye. Asisat ta shigo, ana dab da tashi aka zura mata ƙwallo ta tsakanin 'yan baya, ta ci. Ba a taɓa samun 'yar Afirka da ta ci a wasan ƙarshe na wannan gasa ba kafin ita, kuma a 2021 ta zama ta farko da ta ɗaga kofin. Ƙwallo 20 ɗin da ka raina kuwa, ta ci su ne a kakar da rauni ya hana ta wasanni da dama. Shekarar ce aka sa sunanta cikin 'yan takarar Ballon d'Or, abin da wata 'yar Afirka ba ta samu ba kafin nan.

Bay FC sabuwar ƙungiya ce fil a 2024, 'yan wasan ba su san juna ba, ita kuma tana dab da shekara 30, da gwiwar da ta sha jinya, har da raunin da ya fitar da ita daga gasar Afirka ta 2022 tun wasan farko. Duk da haka ƙwallon farko a tarihin ƙungiyar ita ta ci shi, a ragar Angel City. Mai dogara da gudu shekaru suna saurin taɓa shi fiye da mai dogara da dabara, wannan kam ba mai kauce masa.

Uwar 'Yan Biyu, Kano:

Sannunku da fafatawa. Ni ban san dabarun fili kamar ku ba, amma Malama, akwai abin da nake so ki faɗa wa yaranki wanda ba a ambata ba.

Yarinyar nan a Ikorodu ta Legas ta tashi, gidan Musulmi, kuma ita da bakinta ta sha faɗa cewa iyayenta ba su so ta yi ƙwallo ba da farko, karatu suke so ta yi. Ta fara ne a FC Robo, ƙaramar ƙungiya a Legas. Wato abin da 'ya'yanmu ke fuskanta a gida ita ma ta fuskanta. Ɗaya daga cikin 'yan biyuna ta fi duk yaran layinmu iya ƙwallo, maza da mata, amma tana shiga babbar sakandare maganganu suka fara, daga dangi har maƙwabta. Ba na ganin laifin iyayen da ke tsoro. Suna tambaya ne: wa zai kula da ita a tafiya, me za ta sa a jikinta, kuma in ta ji rauni wa zai biya? Tambayoyi ne na gaskiya, kuma duk mai son yarinya ta yi wasa sai ya zo da amsarsu. Ta sutura dai an samu sauƙi, tun 2014 dokar ƙwallo ta amince da rufe kai, kuma mun ga Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar kofin duniya ta 2023 da hijabinta. Ƙungiyoyi ma akwai a kusa, ga Nasarawa Amazons a Lafiya, ga Adamawa Queens.

Ta kuɗin ce ta fi ci mini rai. A 2016, bayan sun ɗauko kofin Afirka daga Kamaru, 'yan Super Falcons, tawagar matan Najeriya, sai da suka zauna a otal a Abuja suka ƙi fita saboda ba a biya su haƙƙinsu ba. Da Asisat a cikin waɗanda suka ciyo kofin nan. A Faransa a 2019 ma an sake irin haka. Saboda haka duk wanda ya ce don me ta tafi Sin, ko don me ta koma Al Hilal ta Saudiyya a 2025, ya tuna cewa shekarun wasan mace 'yan kaɗan ne, kuma akwai mutane a bayanta. Na ji daɗi da ta buɗe gidauniya da makarantar horar da 'yan mata a Legas. Da ma a samu irinta a nan.

Malamar Wasanni, Kaduna:

Na gode muku ƙwarai. Hajiya, maganarki ta taɓa ni, domin mafi yawan yaran da nake rasawa ba a fili nake rasa su ba, a gida ne. Zan fara zuwa wurin iyayen da kaina kafin lokacin gasar makarantu, in zauna da su.

Baba, zan gwada abin da ka ce. Zan jera 'yan baya, in sa mai ba da ƙwallo ta riƙa jinkirtawa yadda ta ga dama, lamba tara kuma kada ta motsa sai ta ga an ɗaga kai. Amma maganar Malam na Damagaram ma ta zauna mini, don haka bayan gudun sai kowace ta ƙare da bugu ita da gola, a gajiye, kamar yadda zai same ta a wasa.

Saura abu ɗaya. Kyautar gwarzuwar Afirka sau shida ta ɗauka, 2014, 2016, 2017, 2019, 2022 da 2023, ta wuce huɗun Perpetua. Amma a gasar da aka yi a Maroko a Yulin 2025, bayan ƙwallon da ta ci Tunisiya a wasan farko, na ga ba ita ce ke jan ragamar ba. Wa kuke ganin za ta gaji lambar?

Magoyin Barça, Damagaram:

Malama, irin gudunta da ƙarfinta a jiki ɗaya ban gan shi a tawagar yanzu ba, gara in faɗa. Rasheedat Ajibade ce aka zaɓa gwarzuwar gasar, amma ita ba lamba tara ba ce, ta fi son tasowa daga gefe ko tsakiya. Ni idona na kan Esther Okoronkwo. A wasan ƙarshe Maroko na gaba 2-0 a gidanta, filin Rabat ya cika da magoya bayansu, ita ta tsaya ta buga fenaretin da ya dawo da mu wasa, ita ta ba Folashade Ijamilusi ta farke, kuma daga bugun tazararta Jennifer Echegini ta ci na uku da ya kawo kofi na goma. Ki sa yaranki su kalli rabin lokaci na biyu na wasan nan tun daga farko, su bi ta da ido ko ƙwallo ba ya wurinta.